Zana faifan rulet da manhajar gyaran hoto

Faifan rulet da'ira ce mai juyawa da ake wurga ƙaramar ƙwallo a cikinta a gidajen caca. Masu zane a kwamfuta suna zana shi don wasannin waya, talla da darussan lissafi, galibi da Photoshop, GIMP ko Inkscape. Wahalar aikin tana cikin rabon da'irar da jeren lambobi, ba cikin ado ba.

Asali

Ana yawan danganta faifan da Blaise Pascal, Bafaranshe masanin lissafi na ƙarni na 17, amma masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Abin da ya fi tabbata shi ne ana buga wasan a Paris wajen ƙarshen ƙarni na 18, da faifai mai sifili (0) da sifili-biyu (00). A 1843 'yan'uwan nan François da Louis Blanc suka kawo mai sifili ɗaya a garin Bad Homburg na Jamus. Daga nan faifan ya kasu biyu: na Turai mai gurbi 37 (gurbi shi ne rami mai lamba da ƙwallon ke faɗawa), da na Amurka mai 38 saboda ƙarin 00. Dole mai zane ya zaɓi ɗaya kafin ya ja layin farko.

Rabon da'ira

Gurbi ɗaya a faifan Turai yana cin digiri 360 raba 37, wato kusan 9.73, a na Amurka kusan 9.47. Wanda ya taƙaita zuwa 9.7 zai tarar da giɓin digiri 1.1 idan ya zagayo, gurbin ƙarshe ya ƙi haɗuwa da na farko.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a zana yanki guda mai tsini, a kafa cibiyar juyawa a tsakiyar shafi daidai, a yi ta kwafa ana juyawa. A Photoshop, danna maɓallan Ctrl+Alt+Shift+T tare yana maimaita juyin tare da kwafi. Ya kamata yankin ya zama siffar bekta, wato zanen da kwamfuta ke ginawa da layuka, domin hoton fiksel, wanda aka gina da ƙananan ɗigo, yana dusashewa duk lokacin da aka sake juya shi.

Ta biyu, a buɗe shafi mai fiksel 3700 tsawo da faɗi, a jera ratsi 37 a tsaye, kowanne fiksel 100, sannan a naɗe su da Polar Coordinates, umarnin manhajar da ke mayar da ratsin da'ira. Rabon yana fita daidai ba tare da lissafi ba. Idan shafin ba murabba'i ba ne, faifan zai fito kamar ƙwai. Lambobi kuwa sai bayan naɗi ake ɗora su, in ba haka ba su karkace.

Launi da jere

Sifili kore ne, sauran ja da baƙi bi da bi, 18 kowanne. Lambobin ba sa bin ƙidaya. A faifan Turai, bin hannun agogo, jeren yana farawa da 0, 32, 15, 19, 4, 21, 2, 25, ya ƙare da 35, 3, 26. 32 ja ce, 26 baƙa. A na Amurka 0 da 00 suna fuskantar juna, 0 tsakanin baƙaƙe biyu, 00 tsakanin jajaye biyu. Zanen da ya jera 1, 2, 3 a kewaye kuskure ne da duk wanda ya san wasan zai gane nan take.

Ƙarashe

Bakin katako, shingayen ƙarfe tsakanin gurabe, sandar tsakiya da ƙwallo kowanne a zana shi a shimfiɗarsa (layer), wato falle na daban da ake ɗorawa a kan wani a manhajar. Idan faifan zai juya a wasa, haske da inuwa su zauna a shimfiɗar da ba ta motsi.