Zaibar da ake ƙonawa a Abu Hamad da dokar Minamata

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar zinariya ta Abu Hamad ko Ubaidiyya a arewacin Sudan ya san aikin: a niƙa dutse, a zuba zaiba ta kama zinariya, sannan a sa wuta zaibar ta tashi. Samarinmu da yawa daga Gadarif da Mai Wurno da wannan suke ci. To ina hayaƙin yake zuwa?

Wani kaso huhun mai ƙonawa yake shiga. Sauran kuwa iska ke ɗauka, yana iya yin watanni a sama kafin ya sauka, har can ƙuryar arewacin duniya irin su Girinland, inda yake kwanta cikin ƙanƙara. Idan ta narke sai ya bi ruwa zuwa teku, ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi guba mafi muni, ya taru a jikin kifi da dabbobin ruwan da mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, ke ci. Mutanen da ba su taɓa ganin wuraren haƙarmu ba ke nan.

Abin da ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2013 ke nan, ta fara aiki a 2017. Sunan wani gari ne a Japan da aka gano cutar zaiba a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dagwalonta a teku.

Mutane na cewa ta haramta haƙar gargajiya. Ba haka ba ne. Sashe na 7 cewa ya yi ƙasar da sana'ar ta yi ƙarfi a cikinta ta tsara yadda za ta rage zaiba, ta daina idan zai yiwu. Amma akwai ɗabi'u huɗu da aka ce a kawar: zuba zaiba a kan dukkan niƙaƙƙen dutse ba tare da an fara tacewa ba, ƙonawa a fili, ƙonawa cikin unguwa, da zuba gubar sayanayid a kan karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutse, alhali zaiba na ciki. A ganina na ukun ya fi tsanani, don a tsakar gida ake yi, yara na wasa a gefe.

Gwamnatin Sudan ma ta ba da umarnin hana zaiba da sayanayid a ma'adinai a 2019, bayan zanga-zangar garin Talodi da ke Kordofan ta Kudu. Har yau dai ana sayar da zaiba a kasuwannin zinariya.