Mariƙi da inuwa a pisin ɗin gida a Yamai

Mariƙi da inuwa kaya biyu ne da ake haɗawa da pisin, wato wurin ninƙaya na siminti da ake ginawa a tsakar gida. Mariƙi bututun ƙarfe ne da ake kafawa a bakin matakala ko a jikin tsani, don mai shiga ruwa da mai fita su kama. Inuwa kuwa ta haɗa da rumfa da tanti da laima da itatuwa. A Yamai ana samun pisin a otel-otel da manyan gidajen unguwanni irin su Filato da Kwara Kano, kuma sau da yawa sai an zuba kankare, an liƙa karo, wato tayil, sannan maigida ya tuna da waɗannan kaya. Daga nan matsala take farawa, domin gindin mariƙi da ramin ginshiƙin rumfa da wayar kariya daga jan lantarki duk a cikin kankaren suke zama. Bayan haka, a ƙasa irin Nijar ba a raba zaɓen ɗaya da na ɗayan: ƙarfen da babu inuwa a kansa ba ya kamuwa da tsakar ranar bazara.

Rana da iska a Yamai

Yamai tana kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Tawa kuma kusa da digiri 15. Saboda haka rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara a Yamai, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ranar azahar tana ɗan karkata arewa, inuwa ta faɗi kudu. Sauran watanni rana tana kudu. A Disamba tsayinta da azahar bai wuce digiri 53 ba, wanda ke nufin rumfa mai tsayin mita 3 za ta jefa inuwarta sama da mita 2 zuwa arewa. Wanda ya auna wurin rumfarsa a wata ɗaya kawai zai tarar a wani watan inuwar ta koma kan katanga.

A Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai digiri 41 a ma'aunin Selsiyus, wani lokaci ya zarce. A Janairu kuwa dare yakan sauko wajen digiri 16, ga busasshiyar iskar hunturu daga arewa maso gabas tana kwaso ƙura. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi wadda ke riga ruwan isowa. Waɗannan abubuwa uku, zafi da ƙura da iskar hadari, su ne ke kashe kayan pisin a Sahel.

Irin ƙarfen mariƙi

Ƙarfen da aka fi amfani da shi shi ne inokis, wanda ba ya tsatsa da wuri, amma inokis iri-iri ne kuma ido ba ya bambanta su. Mai lamba 304 yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Mai lamba 316 an ƙara masa kashi 2 zuwa 3 na molibdenam, kuma wannan ƙarin ne ke sa ya jure kulorin, maganin da ake tsaftace ruwan pisin da shi, da gishiri. Akwai 316L, mai ƙarancin gawayi a cikinsa, wanda ya fi dacewa da walda. Ga pisin mai maganin kulorin na yau da kullum, 304 yana iya yi idan ana kula da shi. Ga wanda ake zuba wa gishiri, na'ura ta mayar da shi kulorin, 316 ne kawai ya dace, domin ruwan yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 na gishiri a kowace lita.

Akwai kuma mai lamba 201, mai arha, wanda aka rage masa nikel aka cike gurbin da manganis. Da shi ake yin ƙofofi da shingayen bene masu ƙyalli, kuma a can yana aikinsa. A bakin pisin kuwa ba ya daɗewa sai jajayen ɗigo su fito masa. Gwajin maganaɗisu da masu saye ke yi a kasuwa ba ya kama shi, tunda shi ma maganaɗisu ba ya manne masa sosai. Abin da ya fi shi ne a duba lambar da aka buga a jikin bututun ko a takardar kaya. Kusoshi da notuna ma suna da tasu alamar: A2 daidai yake da 304, A4 daidai da 316. Mariƙi mai kyau da aka ɗaure da notin baƙin ƙarfe zai zubar da tsatsa a kan karo cikin ɗan lokaci.

Masu walda na Yamai, irin na kewayen kasuwar Katako, suna iya lanƙwasa bututu su fitar da mariƙi daidai da matakalar gida, kuma wannan ya fi na kanti dacewa da matakalar da magini ya yi da nasa awo. Sai dai aikin yana da sharuɗɗa. Dutsen gurza da burushin waya da aka taɓa amfani da su a baƙin ƙarfe suna barin ɓurɓushinsa a jikin inokis, kuma ɓurɓushin ne ke fara tsatsa, mutum ya ɗauka an ha'ince shi a kayan. Waldar da ta dace ita ce ta iskar argon, da sandar walda irin ƙarfen, sannan a goge wurin haɗin har launin ƙuna ya fita. Baƙin ƙarfe mai fenti ba shi da wuri a cikin ruwan pisin ko kusa da shi.

Awo da kafawa

Kaurin bututun ya zama wanda hannu zai zagaye. Na kanti yawanci milimita 43 ne ko 48. Ƙa'idar Amurka ta gine-ginen da nakasassu ke shiga ta sa tsayin mariƙi tsakanin santimita 86 da 97 daga bakin kowane mataki, kuma magina da yawa a wasu ƙasashe suna bin wannan awo. Abin lura shi ne mariƙin ya fara tun daga kan daɓe, kafin ƙafa ta taka matakin farko, ya kuma raka mutum har cikin ruwa. Gajeren mariƙi da ya ƙare a mataki na biyu yana sakin tsoho a daidai inda santsi ya fi yawa. Gidan da ke da dattijo, ko mai ciwon gwiwa, ko mace mai juna biyu, matakala mai faɗi da mariƙi ta fi masa tsani, domin tsani yana buƙatar ƙarfin hannu. Inda aka sa tsani, a tabbata babu ratar da hannu ko ƙafar yaro za ta maƙale tsakaninsa da bango.

Hanyar kafawa biyu ce. Ko dai a binne kwasfa a cikin kankare, a zura ƙafar mariƙin a ɗaure, ko a ɗaure faranti a kan daɓe da kusoshi. Ta farko ta fi ƙarfi, kuma tana bari a zare mariƙin a gyara. Ta biyu ita ce mafitar wanda ya makara, kuma tana yin aiki ne kawai idan kusoshin sun ratsa karo sun kama kankare mai kauri.

Akwai batun lantarki, wanda ba a gani amma ya fi kowane muhimmanci. Pisin yana da famfo mai aiki da wuta, sau da yawa da fitilu a cikin ruwa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60364-7-702 ta ce a haɗe duk ƙarafan da ke kewaye, mariƙi da tsani da rodin cikin kankare da jikin famfo, da wayar tagulla ɗaya, don kada a sami bambancin ƙarfin wuta tsakanin ruwa da abin da jiƙaƙƙen hannu zai kama. Ana haɗa wannan da makashin wuta mai tsinkewa da kansa idan wutar da ta zirare ta kai miliampiya 30, da fitilun bolt 12. Idan ginshiƙan rumfa na ƙarfe ne kuma suna kusa da ruwa, su ma a sa su a cikin haɗin. Ba a yin wannan aiki da kyau bayan kankare ya bushe.

Zafin ƙarfe

Ƙarfe mai zafin digiri 60 yana iya ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, kuma fatar yaro ta fi saurin ƙonewa. Haɗarin bai tsaya ga ƙuna ba: wanda ya kama ƙarfe mai zafi sakinsa yake yi ba shiri, alhali ƙafarsa tana kan jiƙaƙƙen mataki. Ana sayar da rigar roba mai zip da ake sa wa mariƙi, akwai kuma mariƙin da aka lulluɓe da farar roba tun daga masana'anta, wanda ba ya ɗaukar zafi kamar tsirarar ƙarfe. Dukansu suna taimakawa, amma rana tana cinye rigar, sai an riƙa sauyawa. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a sa matakala da mariƙinta a ƙarƙashin inuwa tun a zanen gini.

Inuwa

Ba a so a rufe pisin duka da rufi na dindindin. Da bazara inuwa tana hana ruwa ɗumama, tana rage ƙafewa, tana kuma kare kulorin, wanda hasken rana ke lalata yawancinsa cikin ƴan sa'o'i idan ba a sa masa sinadarin kariya ba. Ƙafewar ba ƙarama ba ce: a pisin mai mita 8 da 4, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 320 ke nan. Amma da hunturu ruwan da rana ba ta taɓa shi yakan yi sanyin da ba mai son shiga. Tsarin da ya dace da Yamai shi ne rumfa tsayayya a kan matakala da ɓangare marar zurfi inda yara ke wasa da wurin zaman manya, sannan abin da ake iya cirewa a kan sauran.

Tantin raga na roba, irin wanda ake ja tsakanin ginshiƙai, yana tare mafi yawan hasken da ke ƙona fata, kuma iska mai zafi tana fita ta ramukansa. Rauninsa iskar hadari. Iska mai gudun kilomita 90 a sa'a tana danna kusan kilo 38 a kan kowane murabba'in mita da ta buga gaba da gaba, wato wajen kilo 750 a tanti mai murabba'in mita 20. Ƙugiyar da aka kafa a katangar bulo marar ginshiƙin kankare za ta fizge, wani lokaci har da bulon. Ginshiƙan su zama masu kauri, a binne su da zurfi cikin kankare, a kuma yi ɗaurin yadda mutum biyu za su sauke tantin da sun ga gabas ta haɗe. Ƙananan tantuna biyu sun fi babba ɗaya. Laima kuwa, komai nauyin gindinta, a naɗe ta duk lokacin da ba kowa a wurin.

Rumfar kwano tana jure iska idan an ɗaure ta da kyau, amma kwanon yana sauko da zafi a kan na ƙarƙashinsa. Ana rage wannan da ɗaga ta zuwa mita 3 ko fiye, da shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwanon. A karkatar da rufin waje, domin ruwan farkon damina yana wanko ƙurar wata bakwai, kuma bai kamata ta zuba cikin pisin ba. Wasu suna rufa rumfar da faifan sola, su sami inuwa da wutar famfo a lokaci guda. A Yamai ana fuskantar da su kudu da karkata ta wajen digiri 15. Rufin roba mai haske yana tara zafi da ƙura, bai dace da nan ba.

Rumfar gargajiya ta zana da azarar giginya ta fi duk waɗannan sanyi, kuma gara ba ta cin azara da sauƙi. Kuɗinta kaɗan ne, kuma akwai masu yin ta a ko'ina. Illarta ita ce gamba yana zubar da ɓurɓushi yayin da yake tsufa, ya toshe matatar ruwa, kuma sai an sabunta zanar. Ta fi dacewa da wurin zama, ɗan nesa da bakin ruwa.

Itace ma haka yake. Dogon yaro, wanda aka kewaye Yamai da shi a aikin koren shinge tun shekarun 1960, yana da inuwa mai kauri, amma yana zubar da ganye da fure da ƴaƴa, saiwarsa kuma tana bin danshi har ta ɗaga daɓe. Mangwaro da itacen turare ma a nisanta su. Dabino da goriba ba su da yawan shara, sai dai inuwarsu kaɗan ce. In za a shuka itace, yamma da pisin ne wurinsa: yana tare ranar la'asar, lokacin da aka fi shiga ruwa, kuma iskar hunturu da ta hadari duk suna kaɗa ganyensa nesa da ruwan. Wannan rana ta yamma tana shigowa ta ƙarƙashin kowace rumfa, shi ya sa ake ƙara labulen zana ko na katako a wannan gefen. Labulen yana kuma ba da sutura daga benen maƙwabta, abin da a gidaje da yawa shi ne ke yanke ko matan gida za su shiga ruwan ko a'a.

Yara da kulawa

Mariƙi ba ya hana yaro faɗawa ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a duniya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. A Faransa, dokar 3 ga Janairun 2003 ta tilasta wa masu pisin na gida sa ɗaya daga cikin kariya huɗu, ciki har da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.10. Gidan Bahaushe, inda yaran dangi da na maƙwabta ke shiga ba sallama, ya fi buƙatar irin wannan shinge, da ƙofa mai rufe kanta. Kada labule ko ginshiƙi ya tare ruwa daga idon wanda ke zaune a rumfa.

Ana ɗauraye inokis da ruwan famfo a kai a kai, musamman da hunturu, domin ƙura da gishirin da ya bushe a jikinsa su ne ke fara cin sa. Ba a goge shi da soson ƙarfe, kuma asid ɗin da masu karo ke wanke siminti da shi yana ɓata shi nan take, don haka a zare mariƙin ko a naɗe shi kafin wannan aiki. Ba a ajiye maganin kulorin a rufaffen ɗaki tare da kayan ƙarfe. A watan Mayu, kafin hadarin farko, a girgiza mariƙi a ji ko gindinsa ya saki, a ƙara ɗaure notunan rumfa, a sauya duk igiyar tanti da rana ta cinye.