Waiwaye: yadda kyamara ta fara bin ayarin sarakuna

Majigi bai cika shekara da fitowa ba ya shiga fada. A watan Disamba na 1895 'yan'uwan Lumière suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a birnin Faris. Zuwa Mayun 1896 ma'aikatansu suna Mosko wajen naɗin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu, a Oktoba kuma suka ɗauki ziyararsa a Faransa. Babu sauti, kowane faifai bai fi minti ɗaya ba, da hannu ake juya na'urar. Tafiyar sarki ta yi daidai da ita: an san rana, an san hanyar da ayari zai bi, sai a kafa a jira.

Tun a Mosko hukuma ta nuna cewa ba komai za a gani ba. Fiye da mutum 1,300 sun mutu a turmutsitsin filin Khodynka wajen rabon kyautar naɗi, 'yan sanda suka ƙwace abin da aka ɗauka.

Babban biki shi ne na Delhi, 12 ga Disamba 1911, inda Sarkin Ingila Joj na Biyar ya sanar da ɗauke hedikwatar Indiya daga Kalkata zuwa Delhi. Wani mai shirya fim, Charles Urban, ya ɗauki tafiyar a fim mai launi, ya nuna ta a Landan a Fabrairun 1912, kallon fiye da awa biyu. Manufar a fili take: mutanen Ingila su ga sarakunan Indiya suna mubaya'a. Amma kyamara ba ta san fadanci ba. Ɗaya daga cikinsu, Sarkin Baroda Sayajirao, ya rusuna sau ɗaya ya juya wa Joj baya ya tafi, hoton ya yaɗu, jaridu suka yi ta ce-ce-ku-ce.

A 1925 abin ya iso mu. Yariman Wales, mai jiran gadon sarautar Ingila, ya zo Kano, sarakunan Arewa suka taru da dubban mahaya aka yi masa hawan daba, masu kyamara suna ɗauka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne baƙo aka bi, masu gida suka zama ado. Kalangu da algaita da kirari duk ba a ji su, bayanin da ake rubutawa tsakanin hotuna kuma Turawa ne suka tsara wa 'yan'uwansu.

Faifan wancan zamani yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi. Yawancin fim ɗin Urban ya salwanta. Guntunsa aka tsinta a wata ma'ajiyar Rasha a 2000.