Tsarin fitar da hayaƙin injin yankan leza a gida ko ƙaramin shago

Tsarin fitar da hayaƙi shi ne haɗin fanka da bututu, wani lokacin har da filta, da ake jona wa injin yankan leza don ya zuƙe hayaƙin da ke tashi lokacin aiki ya kai shi waje. Shi injin leza ƙona abu yake yi da haske mai tsananin zafi har wurin ya rabu, to duk abin da ya ɓace daga bakin yankan nan ya koma hayaƙi da ƙura ne, kuma idan ba a fitar da shi ba huhun mai aikin ne zai ɗauka. Yawancin injinan da masu yin allon suna da kyaututtukan biki da lambar yabo ke amfani da su a Jos irin na CO2 ne, wanda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964 a Bell Labs da ke Amurka, daga ɗan ƙaramin nan mai wat 40 da ake kira K40 har zuwa manya masu wat 100 ko fiye.

Abin da ke cikin hayaƙin

Ya danganta da abin da aka yanka. Akirilik yana fitar da wani wari mai kaifi da ke sa ciwon kai da yajin ido. MDF (allon garin katako da aka matse) da filawud, irin wanda ake saya a kasuwar Katako, da gam aka haɗa su, gam ɗin kuma idan ya ƙone yana sakin fomaldihaid, sinadarin da hukumar binciken cutar kansa ta duniya IARC ta sa a jerin masu jawo kansa tun 2004. Banda wannan akwai ƙura ƴar mitsitsiya da ido ba ya gani wadda take shigewa can cikin huhu.

Amma babbar matsalar ita ce nau'in robar da ake kira PVC. Fleks ɗin bana ta talla, sitika da yawa, da galibin fatar roba da ake yin kujera da jaka da ita duk PVC ne, kuma da zarar leza ta taɓa shi sai ya saki iskar haidurojin kulorayid wadda in ta haɗu da danshi take zama asid, ta ƙona maƙogwaro ta kuma cinye ƙarfen injin da madubansa, sai ka ga injin da bai daɗe ba ya yi tsatsa ja. Babu fankar da ke gyara wannan, ba a yanka shi kawai. Mai shakka zai iya gwadawa a waje: a gasa wayar jan ƙarfe a wuta, a dangwala a jikin robar ta ɗan manne, a mayar cikin wutar, idan harshen wutar ya koma kore to akwai kulorin. Ita ma fatar da aka jeme da sinadarin kurom ana guje mata.

Fanka da inda ake sa ta

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Fankar tana zama ne a ƙarshen layi, kusa da bangon da hayaƙin zai fita ko ma a waje ƙarƙashin ƴar rumfa, ba a bayan injin ba. Dalili kuwa, bututun da ke gaban fanka tura iska ake yi a cikinsa, duk ƴar ɓular da ke jiki hayaƙi za ta fesa cikin ɗaki, shi kuwa bututun da ke bayan fanka zuƙa ake yi, ko da ɓula iskar ɗaki ce za ta shiga ba hayaƙi ya fito ba. Ƴar fankar da K40 ke zuwa da ita ba ta da ƙarfi, gara a cire ta gaba ɗaya in an sa babba, don tare hanya kawai za ta yi.

Ana auna ƙarfin fanka da CFM, wato ma'aunin yawan iskar da take ja, kowane CFM ɗaya kusan kubik mita 1.7 ne a awa. Sai dai lambar da ke jikin kwali ta fanka ce tsirara ba bututu, da an jona bututu za ta sauka, shi ya sa buluwa mai kamar dodon koɗi ko fankar cikin bututu ta fi irin fankar bangon kicin, don su suna iya jurewa tsawon layi. Sannan a duba wuta. Tamu a Najeriya bolt 230 ce, 50Hz, fankar da aka yi wa Amurka mai 110 sai da taransifoma, kuma motar da ke juya fanka mai 60Hz a kan wutarmu gudunta yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida. Jos ma tana da nata, garin yana kan tudu kusan mita 1,200, iskar ta fi ta Legas sauƙi da kamar kashi goma cikin ɗari, matsin da fanka ke bayarwa ma haka zai ragu, don haka a Jos gara a sayi wadda ta ɗan fi buƙata.

Bututu

Gajere, miƙaƙƙe, mai santsi a ciki. Tiyon nan mai ƙwarya-ƙwarya yana cin iska sosai musamman in ya lanƙwashe ya yi ciki, a bar shi ɗan guntu daga injin kawai, sauran a ba maƙerin kwano ya naɗe na galbanaiz, wanda kuma ba ya kama wuta. Kowace gwiwa tana rage ƙarfi. Girman ramin baki mai inci 6 ya ninka na inci 4 sau biyu da kwata, kada a ɗauki injin mai bakin 6 a matse shi zuwa 4 don ramin bango ya yi ƙarami. A ɗaure mahaɗai da kilif a naɗe da salatif na alminiyom.

Bakin waje kuma ya kalli ƙasa ko a yi masa hula saboda ruwan damina, a sa raga mai manyan ido don ƙadangare da zanzaro. A gidan haya irin na Unguwar Rogo ko Rikkos inda taga ke kallon taga, wajibi ne a hau da bututun sama da rufi, ba daidai ba ne mutum ya tsira da huhunsa ya juye wa yaran maƙwabta.

Iskar da za ta shigo

Duk iskar da fanka ta fitar sai wata ta maye gurbinta. A sanyin Disamba da Janairu na Jos mutum zai rufe ƙofa da taga ruf, sai fankar ta yi ta ƙugi ba ta jan komai, ko kuma ta fara jawo iska ta ƙasan ƙofa daga inda janareta yake, hayaƙin janareta kuwa yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari kuma tana kisa. A bar taga ɗaya a buɗe a ɓangaren da ke nesa da bakin bututun da janaretan, in ƙurar hunturu ta dame ka a sa mata soso ko raga, don ƙurar na dusasar da lens, wato gilashin da ke tattara hasken leza. Shi ɗan kwamfuresa da ke hura iska a bakin yanka aikinsa daban ne, kare lens da rage kamawar wuta, ba ya fitar da hayaƙi.

Filta da kula

Inda babu halin fasa bango ana amfani da akwatin filta mai hawa uku, na farko mai kama manyan ƙura, sai filtar HEPA da ke kama kashi 99.97 na ƙura mai girman maikuron 0.3, sai gawayi na musamman da aka sarrafa don shanye wari da iskar sinadari. Gawayin girki ba ya wannan aikin. Hayaƙin MDF na toshe filta da wuri, canji kuma tsada, shi ya sa fitarwa waje ta fi wa mai ƙaramin jari.

Gwajin tsarin ba wuya: a rufe murfi a kunna fanka, a riƙe tishu ko turaren tsinke a bakin ramukan gaban injin, ya kamata a ga yana shigewa ciki. Bayan yanka a bar fankar ta ɗan yi aiki kafin a ɗaga murfi. Cikin bututu da fuka-fukan fanka suna tara wani baƙin danƙo mai kama wuta, sai ana kwancewa ana gogewa lokaci-lokaci, kuma fanka da injin su kasance a layin wuta ɗaya yadda idan an ɗauke wuta aka koma janareta ba za a tada injin a manta fankar ba.