Sanarwar San Francisco da Yadda Ake Auna Aikin Mai Bincike

A watan Disamba na 2012, a taron shekara na ƙungiyar masana ƙwayoyin halitta ta Amurka da aka yi a birnin San Francisco, wasu editoci da masu buga mujallun kimiyya sun tsara wata sanarwa da aka fi sani da DORA, wadda aka fitar ga jama'a a watan Mayun 2013. Ba doka ba ce da kotu ke zartarwa. Alkawari ne da jami'a ko hukumar ba da kuɗin bincike ke sa wa hannu da kanta. Tana ɗauke da shawarwari 18, amma ta farko ita ce uwar sauran: kada a ɗauki ma'aunin tasirin mujalla a matsayin shaidar ingancin maƙala ko ƙwazon marubucinta wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma ko ba da tallafi.

Wannan ma'auni, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro kuma kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara, lissafinsa mai sauƙi ne. Ana ƙirga yawan lokutan da aka kafa hujja a cikin shekara guda da maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun baya, sai a raba da adadin maƙalun. An yi shi ne tun asali domin ya taimaka wa masu kula da ɗakunan karatu su zaɓi mujallun da za su saya. Matsalar ita ce 'yan maƙalu ƙalilan ne ke kwashe mafi yawan ambato a kowace mujalla, saboda haka wanda ba a cika komawa ga aikinsa ba yakan ci albarkacin maƙwabcinsa.

Ko ƙirga ambaton maƙalar kanta ma yana buƙatar hattara. A jerin da mujallar Nature ta fitar a 2014, maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin ce ta zo kan gaba da ambato sama da 300,000, alhali maƙalar Watson da Crick ta 1953 da ta bayyana siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halittu, ba ta shiga ɗari na farko ba. Dalili kuwa, duk wanda ya yi amfani da wata hanyar gwaji dole ya ambaci mai ita, shi kuwa binciken da ya zama sanin kowa an daina ambatarsa. Haka nan sunan mujalla ba ya nuna darajar aiki: Francisco Mojica na Jami'ar Alicante a Sifen ya sha fama da ƙin karɓa daga manyan mujallu kafin aikinsa kan CRISPR, tsarin garkuwar bakteriya da daga baya ya zama shahararriyar hanyar gyara ƙwayoyin gado, ya fito a 2005 a wata mujalla da ba ta kai su suna ba.

Abin da sanarwar ke nema daga kwamitin tantancewa shi ne ya karanta aikin da kansa, ya bayyana ƙa'idojinsa a fili, musamman ga matasan malamai, ya kuma ba da ƙima ga tarin bayanai da manhajojin da mai bincike ya samar. A ganina nan ne wuyar take, domin karanta maƙala biyar ya fi duba sunan mujalla cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma babu hukunci ga wanda ya sa hannu ya saɓa. Duk da haka wasu sun aiwatar: Jami'ar Utrecht ta Holan ta sanar a 2021 cewa za ta daina amfani da ma'aunin tasirin mujalla wajen ɗaukar ma'aikata da yi musu ƙarin girma.