Waiwaye: Hanyar Binciken Kimiyya Guda Ce ko Iri-iri?

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa hanyar kimiyya guda ce: ka lura, ka yi hasashe, ka gwada. Masu nazarin tarihin kimiyya kuwa sun daɗe suna ja da wannan magana.

A 1620 Francis Bacon ya ce a fara da tattara abin da ido ya gani kafin a kafa ƙa'ida. Descartes, a 1637, ya fifita hankali da lissafi. A 1934 Karl Popper ya ce ra'ayin da babu yadda za a ƙaryata shi da gwaji bai shiga sahun kimiyya ba. Kowannensu yana neman ma'auni ɗaya tak. Thomas Kuhn ne ya tayar da ƙura a 1962, da ya nuna cewa shi kansa ma'aunin yana sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Daga nan aka soma raba abu biyu: abin da masana ke cewa suna bi, da abin da suke bi a aikace idan an kawo musu sabon ra'ayi. Newton ya bugi ƙirji a 1713 cewa shi ba ya ƙirƙirar hasashe, mabiyansa suka yi ta maimaitawa. Amma a 1818 masanin lissafi Poisson ya lissafa cewa, in har haske igiya ce irin ta ruwa kamar yadda masanin kimiyya Fresnel ya faɗa, to ɗigon haske zai bayyana a tsakiyar inuwar faifai, abin da ya ɗauka shirme ne. Wani masanin, Arago, ya gwada, sai ga ɗigon. Aka karɓi bayanin igiyar da babu wanda ya taɓa gani.

Gwajin magani ya fi fito da batun fili. A wani gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 1948, ƙuri'a irin ta canki-canka aka yi wajen zaɓar masu tarin fuka da za a ba maganin streptomycin. Da aka gane cewa ƙwayar bogi ma kan sa majiyyaci jin sauƙi, sai aka ɓoye masa abin da yake sha, har shi likitan ma aka rufe masa.

A kan irin wannan ne Hakob Barseghyan na Jami'ar Toronto, a 2015, ya kasa hanyoyin gida biyu: waɗanda suka dogara da wani abu da aka gano game da duniya, irin ɓoye wa majiyyaci magani, da waɗanda suka tsaya kan mantiƙi zalla. Kusan duk misalan da tarihi ya bayar na kashin farko ne.