Ramin Ittarbi da baƙin dutsenku: ga amsa, dan Allah a ƙyale ni haka

Tun ranar da bakina ya jawo min na ba da labarin Ittarbi a majalisa, wani tsohon ramin farin dutse na ƙasar Suwidin wanda sinadarai huɗu suka ci sunan ƙauyensa, wayata ba ta sake hutawa ba. Wannan ya kira, wancan ya turo hoton dutse a WhatsApp da tsakar dare, har da wani baba da ya aiko jikansa da tsakuwa a ledar burodi. Tambayoyin kuma duk iri ɗaya ne. To ga su nan na tattara, wanda ya sake tambaya wannan zan miƙa masa.

Wai a ina ramin yake?

Suwidin. A tsibirin Resarö, kusa da garin Vaxholm, arewa maso gabas da Stockholm. Ytterby ake rubuta sunan ƙauyen, a furta Ittarbi, ma'anarsa ƙauyen can waje. Ba a Jos yake ba, kamar yadda wani ya je yana yaɗawa wai ni na faɗa.

Zinare ake haƙowa a ciki?

A'a.

Lu'ulu'u fa?

A'a. Haba jama'a, ba kowane rami ne na zinare da lu'ulu'u ba.

To me ake haƙa?

Kwatz, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da kuke takawa a bakin rafi ba ku ko kallonsa. Tun wajen ƙarni na 17 ake fasa shi a wurin ana kai wa masu narka ƙarfe na yankin Uppland. Daga ƙarshen ƙarni na 18 sai aka koma kan ɗan'uwansa felsfa, wanda ake yin tangaran da gilashi da shi, kamfanin tangaran na Rörstrand ma ya mallaki ramin. Da kwano da kofin shayi wurin ya ci abinci har zuwa 1933 da aka daina aiki. Ku riƙe wannan, don duk wanda ya kira ni baƙin dutse yake tambaya, alhali fari ne ya biya leburori albashi.

Ta yaya ramin masu kwano ya shiga littafin kimiyya?

A 1787 wani laftanan sojan igwa, Carl Axel Arrhenius, mai sha'awar kimiyyar sinadarai, ya ci karo da wani baƙin dutse a wurin, nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa. Ya zaci tongistin, wani ƙarfe mai nauyi, ne a ciki. Ba shi ba ne. Samfurin ya kai hannun Johan Gadolin a birnin Turku na Finlan, a 1794 ya bayyana cewa kusan kashi 38 cikin 100 na dutsen wani abu ne da ba a taɓa sani ba. A 1797 Anders Ekeberg ya tabbatar da haka ya raɗa wa abin suna itriya, daga sunan ƙauyen, dutsen kuma daga baya aka kira shi gadolinayit.

Abin dariyar, itriya ɗin da suka ɗauka abu ɗaya ce ashe buhun haɗe-haɗe ce. A 1843 Carl Gustaf Mosander ya raba ta gida uku, ɗaya ya riƙe sunan itriya, sauran biyun aka samu arbiyom da tarbiyom. A 1878 Marignac a Janeba ya sake tsaga ɗaya ya fitar da ittarbiyom. Shekara 91 ke nan daga tsintar dutsen, ana narkawa ana tacewa ana sake tacewa, ku kuma kuna so in faɗa muku abin da ke cikin naku daga hoto mai hazo cikin minti biyu.

Kuma tarbiyom ba shi da haɗi da tarbiyya, an riga an yi min wannan barkwancin sau uku.

Ka ce sinadarai huɗu, wani ya ce sun fi haka. Wa ke ƙarya?

Babu. Huɗu ne suka ɗauki sunan ƙauyen kai tsaye: itriyom, ittarbiyom, tarbiyom, arbiyom. Sauran ta gefe suka ratso. Holmiyom daga tsohon sunan Stockholm, tuliyom daga Thule, wani tsohon sunan can ƙuryar arewa, Per Teodor Cleve ne ya gano su biyun a 1879. A wannan shekarar Lars Fredrik Nilson ya gano sikandiyom. Gadoliniyom sunan Gadolin ya ci. Tantalom kuma Ekeberg ya fitar da shi a 1802 daga dutsen Ittarbi da wani na Kimito a Finlan. Lissafin ya danganta da inda mutum ya ja layi, ni ba zan yi musu a kai ba.

Shi laftanan ya kuɗance?

Aikin sojansa ya ci gaba da yi. Kuma ba shi ne Svante Arrhenius mai kyautar Nobel ta 1903 ba, suna ne ya zo ɗaya.

Me ya sa duk suka taru a rami ɗaya?

Dutsen wurin irin wanda ake kira fegmatayit ne. Idan narkakken dutse yana hucewa a ƙarƙashin ƙasa, sinadaran da suka saba da juna su suke fara daskarewa, waɗanda ba su da wurin shiga sai su yi ta zama a ragowar ruwan har ƙarshe, kamar ƙasan tukunyar miya inda ƙashi ke taruwa. Ragowar nan ce ke kutsawa cikin tsaguwar dutse ta daskare da manyan ƙwayoyi na kwatz da felsfa da baƙar maika mai ɓarewa falle-falle, a tsakaninsu kuma nan da can gadolinayit, itrotantalayit, fagusonayit, zenotim, alanayit. Wasunsu na ɗauke da yuraniyom da toriyom, sinadarai masu fitar da radiyeshin mai cutarwa wanda ido ba ya gani. Mu ma muna da namu fegmatayit ɗin a Nasarawa da Kogi da Kwara da Kaduna, shi ne ake bi ana neman tantalayit da tomalin da litiyom, shi ya sa ban ga laifinku gaba ɗaya ba da kuke ta tambaya.

Na samu baƙin dutse mai nauyi cikin farin kwatz a wani tsohon rami a garinmu. Irin na Ittarbi ne? Nawa zan sayar?

Yawwa, wannan ita ce tambayar da kowa ke zagayawa ya dawo kanta, don haka zauna ɗan'uwa.

Da farko ba zan iya gane shi daga hoto ba, kuma duk wanda ya ce maka ya gane daga hoto, ko dai yana so ya saye shi da arha ko yana so ka biya shi kuɗin wani abu. Baƙaƙen duwatsu masu zama cikin kwatz suna da yawa kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Mafi yawan lokaci abin da ake kawo min baƙin tomalin ne, dogo kamar sanda mai zane-zane a jiki, ba shi da wata daraja. Bayansa sai tama iri-iri. Gadolinayit shi ne na ƙarshe da zan zata, don ko a duniya ba shi da yawa. Amma ban ce jefar ba, zai iya zama kolombayit ko tantalayit ko kuza, musamman in wajen Filato ko Nasarawa ko Bauchi kake, ai a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombayit.

Akwai abin da za ka iya yi a gida wanda zai rage zato, rage zato na ce, ban ce tabbatarwa ba. Kara masa maganaɗisu, in ya manne caraf to magnetayit ne, tama ce, ka huta. Goga shi a bayan farin tayil inda ba santsi, in ya bar jan layi kamar jan-baki hematayit ne, shi ma tama. Sannan nauyi. Samu ƙaramin sikeli mai nuna giram, auna dutsen ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikelin ka mayar da shi sifiri, ɗaure dutsen da zare ka saka shi ya nutse gaba ɗaya amma kada ya taɓa ƙasan kofin ko gefe, rubuta abin da ya nuna. Raba lamba ta farko da ta biyu. Kwatz zai ba ka 2.65, tomalin 3 da ɗan kai, gadolinayit tsakanin 4 da 4.5, magnetayit wajen 5.2, kolombayit daga 5 da ɗan abu yana hawa har kusan 8 in tantalom ya yi yawa a ciki, kuza wajen 7. To amma fa in akwai kwatz manne a jikinsa lambar za ta sauka ta ruɗe ka, in gutsuren ƙarami ne sosai sikelin kansa zai yi maka ƙarya, kuma ka ga da kanka lambobin suna hawa kan juna, 7 na iya zama kuza, na iya zama tantalayit. In kuma yana da ƙyalli kamar azurfa, mai laushi, yana farfashewa murabba'i-murabba'i, wannan dutsen kwalli ne, dalma ce ta fi yawa a cikinsa, wanke hannunka.

Tabbaci sai ɗakin gwaji. Hukumar binciken ƙasa ta tarayya tana da nata a Kaduna, jami'o'i masu sashen ilimin duwatsu su ma sukan duba. Ka kai gutsure fiye da ɗaya, kada ka zaɓo mafi kyau kaɗai, don kanka za ka yaudara.

Maganar farashi kuwa, ko da an tabbatar tantalayit ne, mai saye kashi nawa na tantalom ne a ciki yake tambaya, kuma kilo nawa za ka iya kawowa kowane wata. Dunƙule ɗaya ba ma'adini ba ne, tsaraba ce. Sai doka: a Najeriya ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da a gonar kakanka suke, dokar 2007 ce ke aiki, lasisi kuma daga ofishin rajistar ma'adinai ake samu. A Nijar ko Gana ka tambayi taku dokar. Ni dai ban ce kowa ya ɗauki diga ba.

Kuma dan Allah, dan Annabi, kada a daka shi a turmin gida. Kun manta Zamfara a 2010? Dutsen zinare mai dalma aka riƙa niƙawa a cikin gidaje a yankin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Ƙurar kwatz ita kanta tana cinye huhu a hankali, ba ta da magani. Wanda ake zargin yana da toriyom, irin monazayit da ke cikin jibgin ƙasar tsofaffin ma'adinan Jos, ba a kwana da shi a ɗaki.

Wayyo, ni na riƙe nawa a hannu har na sa a aljihu. Na shiga uku?

Ba ki shiga ko ɗaya ba, Hajiya. Taɓawa na ɗan lokaci ba ya komai. Shaƙar ƙurarsa da haɗiyarta da ajiye tuli a inda ake barci su ne matsala. Sa shi a kwalba ki rufe, ki ajiye a waje nesa da yara.

Bayan 1933 me ya faru da ramin?

Lokacin yaƙin cacar baka, a shekarun 1950, gwamnatin Suwidin ta mayar da shi rumbun ɓoye mai, ramin ya kai zurfin kusan mita 170, aka zuba man jirgin sama, daga baya dizal, har zuwa 1995 da aka kwashe. Wurin da ya ba duniya sinadarai ya ƙare a tankin mai. A 1989 ƙungiyar masana ƙarafa ta ASM International ta kafa allo a bakinsa a matsayin wurin tarihi, titunan unguwar kuma sunayen sinadarai da duwatsun ramin suke ɗauke da su.

Amfanin me waɗannan sinadaran suke da shi ma?

Arbiyom na ƙara wa haske ƙarfi a wayar gilashi da ke ɗauko intanet ta ƙarƙashin teku. Itriyom na cikin jan launin tsofaffin talabijin masu ƙeya. Gadoliniyom shi ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin wasu hotunan MRI. Tantalom na cikin wayar da kake damuna da ita.

Kenan Ittarbi ce ke ba duniya su?

Ina! Caina ce ke riƙe da kasuwar yawancinsu, babban ma'adininta shi ne wanda ake kira Bayan Obo. Suwidin ɗin ma da kamfanin LKAB ya sanar a Janairun 2023 cewa ya gano fiye da tan miliyan ɗaya na ma'adinin irin waɗannan sinadarai, a Kiruna ne, can arewa mai nisa.

Akwai tsohon rami cike da ruwa a bayan garinmu, zan iya shiga in duba?

Kada ka shiga. Bango na zaftarewa, ruwan ya fi yadda kake gani zurfi, rami mai zurfi kuma iskarsa na iya ƙarewa ba ka sani ba sai dai jiri. Tambayi mutanen Filato abin da kududdufan kuza suka ci na mutane da dabbobi. In ƙwaƙwa ta dame ka, duba tulin duwatsun da aka zubar a gefe.

Malam, kana da lambar wani ɗan Caina mai saye?

Ba ni da ita.